Ni da Taubashina a Hawan Kibo

Tun da na dawo daga Jos ban huta da tambaya ba. In na zauna a teburin mai shayi sai a ce, "Malam Isiya, wai da gaske da keke kuka je?" In na shiga ofishin malamai sai a ce in ba da labarin sanyin garin. Har limamin unguwarmu ya tsayar da ni bayan la'asar yana tambaya ko duwatsun can sun fi namu na Karaye. Kowa na gutsura masa, amma kowane gutsure sai da na zaɓa, na ba da wanda ba zai kunyata ni ba. Yau dai na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin firamare ne a Karaye, kuma shekara uku ke nan ana ce mini mai keken tsere. Na sayi keken ne a hannun wani malami ɗan Indiya da zai koma ƙasarsu. Tayarsa siririya ce, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, ga giya biyar a baya. Kullum in na idar da sallar asuba sai in buga har garin Kwanyawa in dawo kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta. Da farko dariya ake yi mini, daga baya aka koma tsayawa bakin hanya ana kallona. Ba zan ɓoye ba, kallon nan yana yi mini daɗi ƙwarai.

Ana gab da hutun bazara sai ga takarda. Masu kula da 'yan tseren keke na jiha suna da mutum biyar, suna neman na shida, wanda ke da ƙarfin hawa, domin tseren da suke shiryawa a ƙasar duwatsu za a yi shi. Da yake ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, sai suka kai horon Bukuru, kusa da Jos, na mako biyu. Duk wanda ya ga zai iya ya je a gwada shi. Gurbi ɗaya ne tak, kuma tun kafin in gama karanta takardar na riga na sa sunana a ciki.

Na ce da keke zan tafi, tafiyar ma ta zama horo. Mahaifina ya ce ya yarda, amma ba ni kaɗai ba, sai dai in tafi da Hashimu.

Hashimu ɗan Gwaggona ne, ƙanwar mahaifina da ke aure a Jajaye ta ƙasar Rogo. Wato taubashina ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka a wasanmu ni ne ubangida shi ne bawa. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa tiryan-tiryan ba. In na gan shi sai in ce, "Bawa, ina ka shiga ba ka zo ka share mini ƙofar gida ba?" Shi kuma ya ce, "Ubangidan da ba ya iya ciyar da kansa." Duk abin da ka faɗa wa taubashi ba ya fushi, haka muka tashi muka tarar. Sana'arsa ɗaukar mazarƙwaila. Yana da wani tsohon baƙin keke mai nauyin tsiya, giya ɗaya, kariyarsa ta ɗaura kaya maƙeri ne ya ƙera ta. A kansa yake labta kaya daga wuraren matsar rake na Gwangwan ya kai kasuwanni har Maƙarfi da Zariya. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin hawan keke ba. Dako nake ce masa.

A Rogo muka haɗu da hantsi. Na zo da gajeren wando da riga mai lamba a baya, shi ya zo da 'yar shara da takalmin danƙo. Na sauke jakata da bargona da famfo na ɗora masa, na ce ai amfanin bawa ke nan. Ya ɗaure su a kan buhunsa na garin kwaki da ƙullin mazarƙwaila, ya dubi ƙafafuna ya ce, "Ubangida, waɗannan sandunan gangar ne za su kai Jos?"

Abin da ya fara sosa mini rai ya faru ne a kan iyakar jiharmu da ta Kaduna. Akwai shinge, an gitta gora a kan ganguna biyu, wasu mutum uku suna zaune a inuwa. Ɗayansu ya tsayar da ni, ya zagaya kekena, ya ce ina lambar lasinsa. Na ce wannan keken wasanni ne, na zaro takardar gayyata, har na ɗan sa Turanci. Ya ce Turancin ya yi kyau amma lamba yake tambaya. Muna cikin haka Hashimu ya iso. Nan take suka miƙe, "A'a, Hashimu na Jajaye, yau ba kaya?" Aka shiga gaisuwa, ina gida, ina Inna, ya ƙafar da ta yi ciwo. Ya ɓallo mazarƙwaila ya ba su, ya nuna ni ya ce, "Wannan yaron gidana ne, ku yi haƙuri da shi, bai saba fita ba." Suka yi dariya suka ɗaga gora. Na yi dariyar ni ma, amma har muka kai Maƙarfi maganar tana ci mini rai.

A Maƙarfi muka sha fura, mai furar ta san shi, ta ƙara masa nono. A Zariya muka sauka kafin magariba a zauren wani dattijo da ke sayen kayansa. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, aka ajiye a gaban Hashimu, aka ce ya ci da baƙonsa. A Karaye ni ake nunawa da yatsa. Tafiyar yini ɗaya kawai na zama baƙon Hashimu.

Kwana na biyu muka kama hanyar Soba zuwa Pambeguwa. Kwaltar duk ta farfashe, siririyar tayata kuwa ba ta son haka. Sau uku tana yin faci. Duk sanda ta yi sai in tsaya ina huci, shi kuma ya jingine nasa, ya zaro sholisho da guntun roba daga aljihu, ya gyara yana waƙa ƙasa-ƙasa. A wannan hanyar ce kuma giyata ta uku ta fara ba ni matsala. Haƙoranta sun cinye. A fili lafiya lau take tafiya, amma in ƙasa ta tashi na miƙe tsaye na danna feda da ƙarfi, sai sarƙa ta zame, ƙafa ta tafi a banza. Karo na farko saura kaɗan in kifa. Daga nan na koyi tsallake ta, daga ta huɗu in faɗa ta biyu. Ban gaya wa Hashimu ba, don na san zai samu abin tsokana na shekara guda.

A Pambeguwa muka kwana a barandar wani masallaci kusa da tasha, muka karya da soyayyiyar doya da yaji. Daga Saminaka zuwa Jengre duniya ta fara canzawa. Mata ne a gona da manyan garemani suna huɗa, tun kafin ruwa ya zauna. Gidaje ba katanga, sai shingen ƙyarana mai ƙaya. Mun ga aladu suna kiwo a bakin hanya yadda awaki ke yi a wurinmu, Hashimu ya ce in sauka in gaida dangina. Gaisuwarsu kuwa gajeriya ce. Na tsayar da wani mutum zan tambayi hanya, na faro daga ina wuni, ina gajiya, ya iyali, kafin in kai ga ya aiki ya ce, "Lafiya. Me kake so?" Na ɗauka fushi yake yi, ashe haka suke, kuma sai da ya raka mu har mararraba.

Daga Jengre hanya ta ɗaga kai sama. Nan na ce to, yau bawa zai san bambancin dako da tsere. Na sa giya mai sauƙi na wuce shi. Na yi tafiya mai nisa ban waiwaya ba, numfashina har yana fito. Da na kai wani ɗan fili na waiwaya don in ga ko ya zama ɗigo a can ƙasa. Yana bayana, bai fi taku ashirin ba, da buhu da jakata da bargona, yana tsotsar mazarƙwaila. Ya ce, "Ka tsaya ne, ubangida? Ko in ɗauke ka kai ma?"

A Bukuru an sauke mu a wani ajin makaranta da aka kwashe bencina. Mu tara ne masu neman gurbin, ban da biyar ɗin da aka riga aka ɗauka. Mai horarwar wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, kowa Koci yake ce masa, kullum da agogo rataye a wuyansa. Ya dubi kekena ya gyaɗa kai. Ya dubi Hashimu ya ce wannan fa? Na yi caraf na ce ɗan rakiya ne, mai ɗaukar kaya. Koci ya ce to ya zauna, ba za a rasa abin da zai yi ba.

Sanyin garin gaskiya ne. A watan da muke kwana a tsakar gida muna fifita, can sai da bargo, kuma rana ta uku aka yi ruwa da ƙanƙara. Mai dafa mana abinci wata dattijuwa ce 'yar garin, Mama Kaneng. Abincinta gwate, wato kamar fatenmu amma na acca, ruwa-ruwa, da yakuwa da gauta har yana ɗaci. Sai dankalin Turawa, wanda a wurinmu sai gidan manya, can kuwa tsibi-tsibi yake a bakin hanya. Ni na kasa sabawa da gwaten, ina cakula ina turewa. Hashimu ya shanye nasa ya shanye nawa, ya tashi ya faskara mata itace. Kwana biyu ta fara ce masa ɗana. Ni kuwa har na baro garin "mai lamba a baya" take ce mini.

Hanyar horon ita ce Hawan Kibo. Daga Bukuru za ka bi ta Riyom, ƙasa tana hawa tana sauka, har ka zo inda tudun Jos ya ƙare. Daga nan hanya ta gangara tana murɗewa a jikin dutse, dama dutse, hagu kwazazzabo. Ka sauka kana matse birki har yatsunka su ƙage, ka kai ƙasa, ka juyo, sannan aikin ya fara. Manyan motoci suna hawa suna kuka kamar za su tsaya, a cikin kwazazzabon kuma ga gawarwakin waɗanda birki ya yaudara. Akwai wata kwana wajen kashi biyu cikin uku na hawan, inda hanyar ta karya ta miƙe tsaye lokaci guda. 'Yan tseren suna ce mata kwanar sauka, domin a nan yawancin mutane ke sauka su tura.

Ranar farko ni ma a nan na sauka. Amma ba wannan ne ya dame ni ba, don mu shida muka sauka. Abin da ya dame ni shi ne, da safen nan ni da bakina na ce wa Koci a ɗora wa bawana jarkar ruwan shanmu ya biyo mu da ita. Na faɗa ne don a yi dariya, aka kuwa yi. To ina cikin tura keke a kwanar sauka sai na ji ƙiiƙi-ƙiiƙi a bayana. Hashimu ne, da jarka cike a kariya. Ba ya hawa kai tsaye. Yana yanka hanyar ne, ya nufi dama ya dawo hagu, ya nufi dama ya dawo hagu, in ya ji mota ya koma gefe ya lallaɓa. Kansa a sunkuye, ba ya duban sama ko kaɗan. Ya wuce mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce mini, "Sannu da tafiyar ƙasa, ubangida."

A sama Koci ya sa aka sauke jarkar, ya ɗaga keken da hannu ɗaya ya kasa, ya sa biyu. Ya ce wa ya koya masa hawa haka. Hashimu ya ce ba wanda ya koya masa, in mutum ya ɗauko mazarƙwailar mutane ba ya son ta faɗi ta farfashe, dole ya san yadda zai yi da tudu. Koci ya ce me ya sa ba ya ɗaga kai. Ya ce in ka dubi saman tudu ƙafarka ce za ta fara jin tsoro, shi tayar gaba kawai yake kallo. Koci ya juyo gare mu ya ce, "Kun ji ko?"

Shekara uku ina tashi da asuba. Na karanta littafin horo har ya yage. Ba a taɓa juyowa an ce wa mutane sun ji abin da na faɗa ba. A wurin nan na ji ƙyashi ya cika mini ciki, irin wanda ban san ina da shi ba.

Daga ranar komai ya koma kansa. 'Yan tseren nan na birni, masu takalma na musamman, suka dinga bin sa suna roƙon mazarƙwaila su sa a kunci in za a hau. Suka daina duban saman tudu. Ni ma na daina, a ɓoye, kuma abin haushin shi ne ya yi mini amfani, don a rana ta biyar na wuce kwanar sauka ban sauka ba. Tsokanata kuwa ta canza, ni kaina na ji. Da can in na ce bawa, wasa ne. Yanzu sai in jira a taru a ci abinci in ce bai iya rubuta sunansa ba, in ce in aka kai shi otal zai kwana a ƙasa ya bar gado. Ana dariya, shi ma yana yi, yana ramawa da ɗan abin da ya samu. Ba wanda zai ce na yi laifi, ai taubashina ne. Na san da haka, shi ya sa nake yi.

Ana saura kwana biyu a yi gwaji Koci ya ce Hashimu ma zai shiga. Sai dai ba da wannan baƙin keken ba, don ba a tsere da irinsa. Da yake ɗaya bayan ɗaya za a sake mu daga ƙasa ana duba agogo, keke ɗaya zai ishi mutum biyu. Ya ce, "Malam Isiya, kai za ka fara, shi ya zama na ƙarshe, sai ka ba shi naka. Ai ɗan'uwanka ne." Idon kowa yana kaina. Na ce ba komai, ai ko riga ubangida ke ba bawa.

Washegari na koya masa canza giya a filin makarantar. Filin a shimfiɗe yake, saboda haka ta ukun ba ta nuna halinta ba. Ni kuma na ɓoye masa. Na ce wa kaina gobe zan gaya masa.

Ranar gwaji na hau kamar ban taɓa hawa ba. Na tsallake ta uku, na shiga kwanar sauka a ta biyu, na miƙe tsaye, na kai sama idona yana ganin duhu-duhu. Koci ya dubi agogo ya ɗaga gira. Waɗanda suka biyo bayana suka iso ɗaya-ɗaya, ba wanda ya kamo ni. Gurbin yana hannuna. Saura mutum ɗaya, kuma yana tsaye a gefena yana jiran in miƙa masa keke ya gangara ya faro daga ƙasa.

Ya karɓa, ya ɗaga sirdin kaɗan, ya naɗe ƙafar wandonsa. Sannan ya dube ni ya ce, "Isiya, akwai wani abu da ya kamata in sani game da keken nan?"

Ba kasafai yake kiran sunana ba. Na san abin da zai faru in ya shiga kwanar nan a ta uku ya miƙe tsaye da ƙarfin ƙafarsa. Na san gefen da kwazazzabo yake. Maganar tana bakina, kalma biyar ce ko shida. Na ce, "Babu. Ka dai riƙe shi da kyau, ya fi ka tsada."

Aka yi dariya. Ya ce to, ya hau ya gangara.

Na kasa tsayawa cikin mutane. Na taka ƙasa kaɗan zuwa wani dutse da ake hango kwanar daga kansa, na zauna. Zan faɗi gaskiya tunda na ɗauko ta. Ban so ya mutu ba, ban so ya karye ba. Amma na so sarƙar ta zame. Na so ya dire ƙafa a ƙasa, ya tura keke kamar kowa, ya iso a bayana. Ina wannan tunanin sai ga wata tankar mai ta fito daga sama tana gangarowa, birkinta yana ƙara, ta nufi kwanar. A daidai lokacin na hango shi daga ƙasa, kai a sunkuye. Na miƙe na buɗe baki zan yi ihu, amma ko na yi ba zai ji ba, ya yi nisa. Na ga ya kai hannu ga giya. Na ga ya tashi tsaye. Tankar ta shiga tsakanina da shi, na daina ganinsa, na dinga salati.

Da ta wuce yana nan a kan keke, ya riga ya karya kwanar. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba. Kafin in hau in koma wurin mutane na jiyo sowa. Ya fi ni da kusan minti biyu.

Na yi hamdala da ya tsira, da gaske na yi. Kuma a cikin numfashi guda na ji kamar an ƙwace mini abu a hannu. Koci ya dafa kafaɗata ya ce na yi ƙoƙari, in dawo baɗi. Sannan ya ce ko zan bar wa Hashimu keken ya ci gaba da horo kafin a samo masa nasa. Na ce ai nasa ne. Aka yi ta yaba mini, wani ɗan Kano har ya ce bai taɓa ganin zumunci irin wannan ba.

Da safe ina ɗaure jakata a kariyar baƙin kekensa, don da shi zan koma, ya zo ya tsuguna yana taya ni jan igiya. Ba kowa a wurin. Na yi gyaran murya na ce, "Af, na manta ban gaya maka ba. Giya ta ukun nan tana zamewa a tudu."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani. Tun Soba nake jin ta. Kwana uku ina bayanka, duk inda ƙasa ta tashi ina ganin kana tsallake ta."

Na ce, "To me ya sa ka tambaye ni jiya?"

Ya ce, "Don in ji abin da za ka ce."

Na yi 'yar dariya, ta fito a bushe. Na ce haba bawa, ai wasa ne.

Ya ƙulle igiyar, ya ja ta ya ga ta kama, sannan ya miƙe. Ya ce, "A'a. Wasanmu na san shi tun muna yara. Wannan ba shi ba ne." Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Ya ce in na isa in biya ta Jajaye in gaya wa Inna, wato Gwaggona, zai kai wata biyu, a ba ƙaninsa gonar ya share. Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da motar kaya mai zuwa Zariya, ya taya ni ɗora keken.

Daga Zariya na hau baƙin keken zuwa gida. Ba kaya a kansa sai jakata da bargo, amma kafin Maƙarfi cinyoyina sun yi tsami. A shingen kan iyaka mutanen nan suka gane keken kafin su gane ni, suka ce ina mai shi. Na gaya musu. Suka yi ta murna kamar ɗansu ne, ɗayansu ya ce dama ya san yaron nan zai yi abin kirki.

A Jajaye na tarar da Gwaggo tana tankaɗe a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta saƙo. Da ta ji cewa da kekena ya ci gwajin, kuma na bar masa shi, sai ta ajiye rariya ta kama kuka. Ta aika aka kira maƙwabta. Ta kama hannuna ta ce, "Isiyaku, kai ka kai shi, kai ka koya masa, ka cire naka ka ba shi. Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu yi maka." Matan suna amsawa, ni ma ina cewa amin, kaina a ƙasa. Ta sa aka kama mini zakara. Na zo da niyyar in gaya mata, na tashi ban gaya mata ba, na ɗaure zakaran a kariya na taho.

To wannan shi ne labarin Jos. Sanyi akwai, dutse akwai, ya kuma fi namu nesa ba kusa ba. Masu tambaya ko na ji haushi da aka ɗauki Hashimu, na ji, kuma har yanzu ina ji. In aka ce an ambaci sunansa a rediyo cikin 'yan wasan jiha, sai na nemi abin da zan duba a ƙasa.

Makon jiya wani direba ya kawo mini wasiƙa daga Bukuru. Wani ne ya rubuta masa, amma maganar tasa ce. Ta fara da, "Zuwa ga ɗan'uwana Malam Isiyaku, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya." Ya ce an canza haƙoran giyar, keken yana nan lafiya, zai dawo mini da shi da kansa in an tashi. Ya gode da ɗawainiya. Ya ce in gaida Kawu da mutanen gida. Na karanta ta sau uku ina neman inda ya tsokane ni, ko da kalma ɗaya ce. Babu.